In aka tono tsohon kwale-kwale a bakin Gongola, me za a yi da shi?

Malamin Tarihi, Gombe:
Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da nake so masu sani a cikinmu su warware mana. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe, sai ya ci karo da katako a zurfin kamar mita 5. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Firankfot a Jamus suka buɗe wurin, ashe kwale-kwale ne na maɗaci, tsawonsa mita 8.4, awo kuma ya nuna ya kai shekara 8,000. A duk jiragen ruwan da aka taɓa samu a Afirka babu wanda ya girme shi, yanzu yana Damaturu. To mu ma ga Gongola a ƙofarmu, masu ɗiban yashi kullum suna bakin kogi, masu haƙa rijiya suna cikin fadama. In gobe wani ya tono irinsa a wajen Dadin Kowa ko Nafada, me ya kamata a yi a ranar farko? Na biyu, yanayinmu zai bar mu mu ajiye jirgi a gidan tarihi ana zuwa kallo, ko zubar da kuɗi ne kawai?

Ɗan Dadin Kowa:
Wa alaikumus salam Malam. Ai wannan ba wuya. A fito da shi, a wanke lakar, a jingine shi a inuwa ya sha iska a hankali, sannan a shafe shi da baƙin mai ko kwalta kamar yadda masu fito ke yi wa nasu. Gara ba ta kusantar baƙin mai.

Malama Mai Kimiyya, Bauchi:
Yallaɓai, don Allah kada a shanya shi, ko da a inuwa ne. Maganin da ka kawo na kwale-kwalen da ke aiki ne, wanda katakonsa ke da ƙarfinsa. Katakon da ya yi ɗaruruwan shekaru a jiƙe wani abu ne daban. Ƙwayoyin cuta sun riga sun cinye naman cikinsa sannu a hankali, abin da ya saura kamar saƙar zuma yake, ramuka ne cike da ruwa, kuma ruwan ne ke riƙe da siffarsa. Da ruwan ya fara fita sai bangon ramukan ya rufta ciki, katakon ya motse, ya tsage, ya murɗe. Ko an mayar da shi ruwa daga baya ba ya komawa. A watan Janairu, in aka buɗe shi da hantsi iskar hunturu ta buge shi, kafin la'asar za a ga fuskarsa ta fara dararrewa.

Abin da za a yi a ranar farko kaɗan ne. A dakatar da haƙa, kada wanda ya sa diga ko shebur a ƙarƙashinsa da nufin ɗagawa, domin yatsa ma yana iya shiga irin wannan katako. A ci gaba da yayyafa masa ruwa, a rufe shi da soson katifa jiƙaƙƙe, a ɗora baƙar leda a kai, a kafa rumfa. A ɗauki hoto da tef ɗin awo a kwance kusa da shi, a rubuta zurfin ramin da irin ƙasar da ke sama da ƙasa, yashi ne ko yumɓu. In masana ba za su iso cikin kwana biyu ko uku ba, mafi alheri a mayar masa da lakarsa a binne shi yadda aka same shi. Abin da ya raya na Dufuna ke nan: danshi da ba ya yankewa, da yumɓun da ya hana iska isa gare shi.

Batun baƙin mai kuwa yana da wata ɓarna ta biyu. Awon shekaru da sinadarin kabon ake yi, man fetur da kwalta kuma cike suke da kabon na miliyoyin shekaru. In suka shiga katakon, lissafin shekarunsa ya rikice. Guntun da za a kai awo bai wuce kan ɗan yatsa ba, a sa shi a leda mai tsabta, ba mai, ba gam, ba fenti.

Lauya, Tudun Wada:
In ƙara da ta fannin doka. Hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, ita ke da ikon ba da izinin tonon kayan tarihi, kuma ba a fitar da su ƙasar waje sai da takardarta. Don haka wanda ya ci karo da abu irin wannan ya sanar da mai unguwa ko hakimi, su kuma su kai ga hukumar. Yarjejeniyar UNESCO ta 2001 kan kayan tarihin da ke ƙarƙashin ruwa, wadda Najeriya ta amince da ita, ta ce zaɓin farko shi ne a bar abu a inda yake. Maganar Malama ta binnewa ba ragwanta ba ce, ƙa'ida ce.

Ɗan Dadin Kowa:
Na karɓi gyara. Amma in an binne, wa zai gani? Ai amfanin abu a gan shi.

Injiniya, Yelwa:
Gaskiyarka, amma fitowa da shi aiki ne na kansa. Kwale-kwale mai mita 8 da kaurin bango bai wuce santimita 5 ba, ga shi ya jiƙe ya yi nauyi, ga shi ba ƙarfi. In aka ɗaura igiya a kai da wutsiya aka ja sama, a tsakiya zai karye. Yadda ake yi, a haƙa rami a gefensa biyu, a bar shi zaune a kan tudun ƙasarsa. Sai a riƙa huda tudun a ƙarƙashinsa kaɗan-kaɗan ana zura ɗamara mai faɗi, ta roba ko ta zaren lailan, duk bayan rabin mita, a ɗaure kowace a jikin firam na ƙarfe da aka kafa a samansa. Lakar da ke cikin jirgin kada a kwashe ta duka kafin a tokare bangon daga ciki, don ita ke hana shi ruftawa. Sai an gama rataye shi a firam sannan a ɗaga firam ɗin, ba jirgin ba. Kuma kafin a taɓa shi tankin da zai shiga ya riga ya cika da ruwa yana jira. Ba a fito da jirgi sannan a tafi neman mai walda ya haɗa tanki.

Ruwan ƙasa ma matsala ne. Rami mai mita 5 a fadama sai da injin ban ruwa yana janye ruwa, bangon ramin kuma a yi shi matakala-matakala ko a tokare da katako, in ba haka ba yashi ya rufta da ma'aikata.

Kafinta, Jekadafari:
Malama, to ya ake sanin katakon ya ci ko da saura? Mu a wurinmu ƙusa muke dannawa mu ji.

Malama Mai Kimiyya, Bauchi:
Baba kafinta, ai kusan haka ake yi. Ana soka allura a wurare daban-daban a rubuta zurfin da ta shiga kafin ta ci karo da tauri. Sau da yawa za ka samu waje ya yi laushi kamar cuku, zuciyar kuma tana nan da ƙarfinta, kuma wannan ne ya fi wahalar magani, don ɓangarorin biyu ba sa motsewa daidai. Awo na biyu da sikeli ne. A yanki ɗan guntu, a auna shi a jiƙe, a gasa shi a obin a digiri 105 har nauyinsa ya daina raguwa, a sake aunawa. A cire busasshen nauyi daga jiƙaƙƙen, a raba da busasshen, a ninka da 100. Misali giram 50 ya koma giram 10, ruwan da ke ciki kashi 400 ke nan. Abin da ya haura 400 ya lalace ƙwarai, amma magani yana shigarsa da sauƙi. Abin da ke ƙasa da 185 yana da ƙarfi, sai dai magani ba ya ratsa shi da wuri.

Maganin da aka fi amfani da shi wani kaki ne mai narkewa a ruwa, ana ce masa PEG. Dabarar ita ce kakin ya shiga ya maye gurbin ruwan, ta yadda in ruwan ya fita ramukan ba za su rufta ba. Iri biyu ake haɗawa. Mai ƙananan ƙwayoyi, lamba 200 ko 400, ruwa-ruwa ne, shi ke ratsa bangon ramukan. Mai manyan ƙwayoyi, 2000 zuwa 4000, daskararre ne kamar kyandir, shi ke cike ramukan ya ba da ƙarfi. Ana farawa da kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin ruwan tanki, ana ƙarawa a hankali cikin watanni. Wanda ya yi gaggawa ya zuba mai kauri tun farko, kakin zai zuƙe ruwan katakon kafin shi ya shiga, kamar yadda gishiri ke yi wa ɗanyen nama, sai katakon ya motse a cikin tankin.

Don ku ga tsawon abin: jirgin yaƙin Suwidin mai suna Vasa ya nitse a tashar Istokholm a 1628, a tafiyarsa ta farko, aka fito da shi a 1961. Shekara 17 ana fesa masa PEG, daga 1962 zuwa 1979, sannan aka bar shi yana bushewa a hankali, gidan tarihinsa bai buɗe ba sai 1990. Mary Rose na Ingila, wanda ya nitse a 1545 aka ɗago shi a 1982, an yi shekara 12 ana fesa masa ruwan sanyi zalla, sannan PEG daga 1994 zuwa 2013. Kwale-kwale bai kai su kauri ba, amma a sa rai da shekaru, ba watanni ba.

Kafinta, Jekadafari:
Tabɗi. Nawa ne kakin zai shiga?

Injiniya, Yelwa:
Mu lissafa. Tanki mai tsawon mita 9, faɗi mita 1, zurfin ruwa santimita 80, lita 7,200 ke nan. In ana so a kai rabi-da-rabi, kakin da za a narka ya kusa tan 4, kuma daga waje ake shigo da shi. Ana rage wannan in aka ƙera tankin daidai siffar jirgin, ko a cike kusurwoyin da jarkoki cike da ruwa a rufe. Tankin kada ya zama na baƙin ƙarfe tsirara, PEG yana cin sa, tsatsar kuma ta shiga katakon. Ko a yi na siminti a shimfiɗa masa roba, ko na ƙarfen da ba ya tsatsa. Sai famfo mai juya ruwan, don kakin yana kwantawa ƙasa, sai hita, don mai lamba 4000 in ya yi kauri ba ya gudana sai da ɗumi, narkewarsa tana wajen digiri 55 zuwa 60.

Ɗan Dadin Kowa:
Na ji ana cewa sukari ma yana yi. Ga kamfanin sukari nan a Numan, ba sai an je Turai ba.

Malama Mai Kimiyya, Bauchi:
Yana yi, an yi amfani da shi a wurare da dama, kuma ƙwayoyinsa ƙanana ne, suna ratsa katako da kyau ba sai da hita ba. Ana hawa da shi a hankali har kashi 60 ko sama. Amma a lissafin Injiniya na lita 7,200, kashi 60 zai ci sama da tan biyar da rabi, buhu mai kilo 50 kamar 110. Babbar matsalar kuma a farkon aikin take. Ruwan sukari mara kauri a zafin Afrilu ba ya kwana uku sai ya fara tsami, ya yi kumfa, ya yi yauƙi, ƙwayoyin cuta su cinye abin da aka zuba. Dole a tafasa ruwan, a rufe tanki ruf, a sa maganin kashe ƙwayoyi ana dubawa kullum. Bayan an gama kuma, ka ajiye katako mai zaƙi na mita 8 a Gombe, tururuwa da kyankyaso da ɓera duk ka aika musu goron gayyata. Da damina in laima ta yi yawa sukarin yana jan ruwa, fuskar katakon ta yi danƙo. Ni dai a nan ba zan ba da shawararsa ba sai ga ƙananan kaya, irin filafili ko akushi, waɗanda za su zauna cikin akwatin gilashi a rufe.

Kuma a yi hattara da maganin da ya yi kyau yau. Kayan katakon da aka tono tare da jirgin Oseberg a Nowe a 1904, da alam aka jiƙa su, wannan dai da ake sa wa ruwa ya kwanta. Sun fito sumul, an yi shekaru ana yabo. Yanzu an gano alam ɗin ya bar asid a ciki, da yawansu fatar waje ce kawai ke riƙe da su, cikin ya koma gari.

Malamin Tarihi, Gombe:
To shi PEG ɗin ba shi da tasa illar?

Malama Mai Kimiyya, Bauchi:
Yana da ita Malam, Vasa ne shaida. Ruwan tashar Istokholm ya daɗe da ƙazanta, sinadarin farar wuta ya shige katakon, ƙusoshin ƙarfe na asali kuma suka narke suka bazu a cikinsa. Muddin yana ƙarƙashin ruwa ba iska, shiru. A 2000 aka yi rani mai ruwan sama, baƙi suna shiga da jiƙaƙƙun kaya, laimar ɗakin ta hau, sai ga tabo fari da rawaya suna fitowa a jikin katakon. Farar wutar ce ta haɗu da iska da danshi, ƙarfen yana zuga ta, ta koma asid. Sai da suka sake na'urorin ɗakin gaba ɗaya, yanzu suna riƙe da laima a wajen kashi 53, zafi tsakanin digiri 18 da 20, dare da rana. Kusoshi kusan 5,000 da aka sa a shekarun 1960 su ma suka yi tsatsa, aka bi su ɗaya-ɗaya daga 2011 zuwa 2018 aka canza da na ƙarfen da ba ya tsatsa. Lakar kogi ba ta kai ta teku farar wuta ba, wannan sa'armu ce, amma ƙasarmu akwai jan ƙarfe-ƙarfe a cikinta, don haka a gwada kafin a fara.

Injiniya, Yelwa:
Nan ne tambayar Malam ta biyu ta shigo. Laimar iska a Gombe da Bauchi tana sauka ƙasa da kashi 20 a tsakiyar hunturu, a Agusta ta haura 70. Katako yana bin ta, ya kumbura ya motse, kuma ba daidai yake motsi ba: ta kewayen zoben itacen ya kusa ninka na daga zuciya zuwa ɓawo, ta tsawo kuwa kusan babu. Kwale-kwalen da aka sassaƙa daga gungume ɗaya shi ya sa yake tsagewa daga kai da wutsiya, bakinsa kuma ya buɗe ko ya tsuke.

Wanda zai ce a sa na'urar sanyaya ɗaki ya tuna da wutarmu. Na'urar da ke aiki awa shida ta mutu awa goma ta fi rashinta ɓarna, don kullum katakon zai sha hawa da sauka sau biyu, ga raɓa da ke kwanta masa in iska mai ɗumi ta shigo ɗaki mai sanyi. Abin da katako ke so ba sanyi ba ne, zama wuri ɗaya ne. Gini mai kaurin bango, na ƙasa ko na bulo biyu da rata a tsakani, silin mai kauri a ƙarƙashin kwano, ba taga ta gabas ko yamma, ƙofa biyu a jere don kada iskar waje ta faɗo kai tsaye. Jirgin kansa a cikin akwatin gilashi da aka toshe da roba, a ƙasan akwatin a jera tire na ƙwayoyin silika masu shan danshi su sake shi, waɗanda aka riga aka daidaita a wajen kashi 50. Ƙaramin ma'aunin laima mai batir a ciki, wani ya riƙa rubuta abin da ya nuna. In za a sa na'ura, ƙarama ce mai sola don akwatin kaɗai, ba don ɗakin duka ba.

Kafinta, Jekadafari:
Ku bar ni da gara, nan ne fannina. Duk abin da kuka faɗa, in katako ya taɓa ƙasa ko bango an gama. Ƙafafun gadon da zai zauna a kai su zama na ƙarfe, tsayi kamar rabin mita, nesa da bango yadda mutum zai zagaya da tocila ya ga hanyar gara tun tana siririya. A yi wa ƙasan ginin magani kafin a zuba daɓe, a toshe duk tsagar daɓe da inda bututu ya shigo. Ga kwale-kwalen da bai shiga ƙasa ba, wanda aka karɓo daga hannun masunta, ruwan boras kamar kashi 5 ana shafawa ya sha, yana maganin ƙwaron da ke huda katako yana zubar da gari, kuma ba ya canza launi kamar baƙin mai. A shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashi, in an ga gari ya zubo an san akwai mai rai a ciki.

Gadon kuma kada a yi shi da sanduna biyu kamar na gawa. Jirgi a ruwa ko'ina na jikinsa a tallafe yake. A tudu in ka ɗora shi a wuri biyu, tsakiya ta lotsa ko kai da wutsiya su sunkuya. A yanka katako daidai siffar cikinsa duk bayan santimita 60 zuwa mita ɗaya, a sa soso mai tauri tsakani.

Injiniya, Yelwa:
Baba ya faɗi abin da manyan gidajen tarihi suka koya da tsada. Tsohon jirgin yaƙin Ingila HMS Victory yana busasshiyar tasha, wato ramin ajiye jirgi da aka janye ruwansa, a Fotsmut tun 1922, da can a kan gadaje 22 na ƙarfe. Aka auna aka ga jikinsa yana lotsawa tsakanin gadajen kamar rabin santimita a shekara. Suka cire su suka sa matokarai 134, kowanne da ma'aunin nauyin da yake ɗauke da shi. Tsohon jirgin kasuwanci Cutty Sark a Girinic ta Landan kuwa ɗaga shi aka yi mita 3 sama aka rataye shi a firam don nauyin ya sauka daga kan ƙashin bayansa. Shi ne kuma ya ci wuta a 2007 ana tsakiyar gyara, binciken ya fi karkata ga injin shara da aka bari a kunne. Abin da ya cece shi, an riga an kwance katako mai yawa an kai ajiya. Lokacin gyara ne jirgi ya fi shiga haɗari, ga wayoyin wucin gadi, ga fenti, ga ƙurar katako.

Mai Walda, Bauchi:
Duk kun tsaya a katako. Tarihin ruwan Arewa ai har da ƙarfe. Jiragen kamfanoni sun yi ta hawa Binuwai da damina har Yola da Garwa suna ɗaukar gyaɗa da auduga, ga kuma tsofaffin jiragen fito da gadoji suka kashe wa kasuwa. A Umuahia, gidan tarihin yaƙi yana da jirgin sojan ruwa NNS Bonny a ajiye ana kallo. Irin waɗannan in za a ajiye su a nan, yanayinmu abokinsu ne rabin shekara. Jirgin ƙarfe SS Great Britain da aka ƙera a Biristol ta Ingila a 1843, aka dawo da shi daga tsibiran Fokland a 1970, gishirin teku ya shige ƙarfensa har wanki ba ya fitar da shi. Sai suka rufe busasshiyar tashar da yake ciki da gilashi daidai inda ruwa ke tsayawa a jikinsa, suka sa injuna suna busar da iskar ƙasa zuwa kashi 20, don a nan tsatsa take kusan tsayawa. Abin da suke saye da kuɗi ke nan, mu hunturu ke ba mu kyauta. Jirgin kogi kuma bai sha gishiri ba.

Abin da ke kashe jirgin ƙarfe a tudu ruwan sama ne da ya shiga ya rasa hanyar fita. Daga ciki yake ruɓewa. A huda ramukan zubar ruwa a mafi ƙasƙancin kowane ɗaki, a buɗe hanyar iska, a yi masa rumfa. Kada a zuba kankare a cikinsa ko a binne gindinsa a siminti wai don ya zauna daram. Siminti yana tsagewa, ruwa ya bi tsagar ya kwanta tsakaninsa da ƙarfe inda ba mai gani, ba mai iya fenti. Jirgin yaƙin Amurka mai suna Texas an taɓa shafe benensa da kankare, ruwa ya bi ta ƙasa ya ci ƙarfen, daga baya sai fasa shi aka yi.

Wajen fenti, a fara auna kaurin faranti da na'urar sauti a san inda ya sirance. A kankare tsatsa har ƙarfe ya fito fari-fari, a shafa fentin farko mai sinadarin zinki a ranar, cikin awa huɗu, kada a bari ya kwana. Sai fentin ifokzi a kai, sai na ƙarshe mai jure rana, don ifokzi shi kaɗai rana tana mayar da shi alli. Duka kaurin ya kai kamar maikiron 250 zuwa 300, wato wajen rubu'in milimita. In jirgin a ruwa zai zauna, kamar a dam, dunƙulen da ake liƙa masa don tsatsa ta ci su a madadinsa na maganiziyam ake sawa. Na zinki na ruwan gishiri ne, a ruwan daɗi wani ɓawo yake yi ya daina aiki.

Malama Mai Kimiyya, Bauchi:
Ƙari ɗaya Malam mai walda. Tsohon faranti mai ribit, in aka buga masa yashi da ƙarfi ana iya cinye alamun maƙera da lambobin da ke jiki. A ɗauki hoto a gwada a ɗan lungu tukuna. Inda aka yi faci kuma a buga masa shekarar, don na baya su bambance asali da gyara.

Malamin Tarihi, Gombe:
Allah ya ƙara basira. Abin da na fahimta, tsohon da ke cikin laka a bar shi sai an sami kuɗin shekaru a hannu. Amma akwai abin da ke ɓacewa yanzu ba tare da an tono komai ba. Manyan maɗatai da kawo da ake sassaƙa jirgi daga gungume ɗaya sun yi ƙaranci, jirgin falanki da ƙusa ya karɓe wurin, masassaƙan da suka san yadda ake bin gungume da gizago har bango ya yi kauri ɗaya suna tsufa. A Roskilde ta Denmak, inda aka fito da jirage biyar na mutanen Bikin, tsofaffin mayaƙan teku na arewacin Turai, a 1962, gefen gidan tarihin akwai wurin da ake ƙera irinsu da gatari a gaban masu kallo, ɗaya daga cikin sababbin ma ya yi tafiya har Dablin ta Ireland a 2007. Rumfa a bakin dam ɗin Dadin Kowa, da kwale-kwale uku ko huɗu na gaske da aka saya daga masu su, da masassaƙi yana aiki ana ɗaukarsa a bidiyo, wannan ba ya bukatar tan huɗu na kaki.

Ɗan Dadin Kowa:
Wannan kam zai yiwu, kuma ta hannun Sarkin Ruwa za a bi, shi ya san wanda ke da tsohon jirgi a jingine. Sai dai Malam, wanda aka ciro daga ruwa jiya shi ma ai jiƙaƙƙe ne. Shi ma sai tankin?

Kafinta, Jekadafari:
A'a, shi katakonsa lafiyayye ne, bushewa kawai yake so a hankali. A ciro shi a ƙarshen damina, wajen Oktoba, kada a jira hunturu ta kankama. A wanke, a kife shi a kan gado a cikin rumfa mai katanga ta gefen arewa maso gabas inda iskar ke fitowa. Kai da wutsiya, inda jijiyar itacen ta yanke, nan ruwa ke gudu da sauri, nan kuma tsaga ke farawa, don haka a shafe su da narkakken kyandir. A lulluɓe jikin da tamfol a bar ɗan wurin shan iska, a sa sanduna a gicciye a bakin don kada ya tsuke. A riƙa ɗora shi a sikeli ko a auna faɗin bakinsa a wuri uku duk sati ana rubutawa. In tsaga ta fito a ja layi da fensir a ƙarshenta a sa kwanan wata, in ta wuce layin a ƙara rufe tamfol ɗin. Maɗaci mai kaurin santimita 5 a ba shi hunturu biyu kafin a shigar da shi ɗaki.